Ranar da "ƙauna" ta koma "auna" a hannuna

Na daɗe ina tsara rubutun littattafai da kundayen ɗalibai a wani ɗan shago da ke Samaru, kuma idan na waiwayi asarar da na tafka a wannan sana'a, mafi yawanta a wuri guda ta taru, wato wajen zubin haruffa (font a Turance), wannan da ake zaɓa daga jerin sunaye a saman shafi kafin a fara bugu. Ina rubuta wannan domin ƙannena da suka shigo aikin kwanan nan, waɗanda nake gani suna nufar ramukan da na riga su faɗawa.

Abin da na yi shekaru ban gane ba shi ne cewa zubin haruffa ba ya zama a cikin takardar da kake rubutawa. Fayil ne mai zaman kansa a cikin kwamfuta, takardarka kuwa sunansa kawai take riƙe da shi, kamar wanda ya rubuta sunan tela a aljihunsa amma bai ɗauko rigar ba. Duk lokacin da aka buɗe takardar, manhaja takan nemi wannan suna a cikin na'urar da take kai, idan ta same shi ta yi amfani da shi, idan ba ta same shi ba ta yi abin da ta ga dama.

Mu masu rubutun Hausa abin ya fi shafarmu, saboda haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. A nan Zariya aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma masu ɗab'i na wancan zamani haruffan ƙarfe suke jerawa, suna ganin kowane harafi da idonsu kafin tawada ta taɓa takarda. Da kwamfuta ta zo, ba ta zo da haruffanmu ba, sai masu hikima suka ƙirƙiro zubi na musamman wanda yake ɗora ƙ a kan madannin q, ɗ a kan x, ɓ a kan v, tunda Hausa ba ta amfani da waɗannan ukun. Dabarar ta yi mana rana matuƙa, ban kuma yarda a raina waɗanda suka yi ta ba. Sai dai abin da ke ajiye a cikin fayil ɗin q ne da x da v, zubin ne kawai yake yi musu kwalliya a fuskar kwamfuta.

Da irin wannan zubi na buga wa wani ɗalibi kundinsa na digiri na biyu, ya ɗauka a filash ya tafi unguwar Kongo a nan Zariya inda zai fitar da shi a firinta mai kyau. Da yamma ya dawo mini da tulin takardu, ko'ina "qasa" da "xaya" da "vangare", domin kwamfutar can ba ta da zubin da na yi amfani da shi. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai garaje ya sa na umurci manhajar ta maye kowane q da x da v da ainihin haruffan Hausa a kundin gaba ɗaya, na manta cewa ƙarshensa cike yake da sunayen littattafan Turanci. Washegari malaminsa ya zagaye "Oɗford Uniɓersity" da jan biro a shafi bayan shafi. Idan tsohon fayil irin wannan ya zo hannunku, ku ware sassan Turanci tukuna, sannan ku juya na Hausa, ku bi shi da ido layi-layi. Sabon aiki kuwa kada ku fara shi da komai sai haruffan tsarin Unicode, inda kowane harafi yake da lambarsa ta dindindin: ƙ tana U+0199, ɗ tana U+0257, ɓ tana U+0253, kuma haka za su kasance a kowace na'ura a duniya.

Na ɗauka da na koma Unicode na tsira, ashe da sauran rina a kaba. Lambar harafi daban, hotonsa daban, kuma ba kowane zubi ne mai zanensa ya zana masa ƙ ba. Manhajar Word idan ta rasa harafi a zubin da ka zaɓa takan aro shi daga wani zubin ba tare da ta gaya maka ba, shi ya sa za ka ga ɗ ta fi maƙwabtanta tsayi ko kauri a tsakiyar kalma. Wannan muni ne kawai, ana iya karantawa. Wanda ya kayar da ni ya fi wannan.

Wani malamin lissafi ne ya koya mini LaTeX, manhajar tsara rubutu domin ɗab'i da aka gina a kan TeX ɗin da Donald Knuth ya fara fitarwa a 1978, na kuwa kamu da sonsa saboda yadda yake daidaita layi da shafi. Tsohon injinsa, pdfLaTeX, ba ya ɗauko zubin da ke cikin kwamfuta kai tsaye. XeTeX, wanda Jonathan Kew ya fitar a 2004, da kuma LuaTeX, su ne sababbin injinan da suke iya wannan, ta hanyar wani ƙunshin umurnai mai suna fontspec, inda kake rubuta \setmainfont ka bi shi da sunan zubin da kake so. Idan ba ka ambaci kowane suna ba, sai ya ɗauki Latin Modern, zubi kyakkyawa wanda ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa. TeX kuma ba ya aro daga maƙwabci kamar Word. Yakan tsallake harafin ne ya wuce, ya rubuta ɗan gargaɗi a fayil ɗin rahoton aiki, wanda ni a lokacin ban taɓa buɗewa ba.

Aikin da ya kayar da ni ɗan littafin waƙoƙi ne na wani dattijo daga Tudun Wada, wanda na tsara da LaTeX. Na gwada babi-babi da zubi mai kyau, amma a daren ƙarshe da nake haɗa su wuri guda na goge layin da ke kiran zubin bisa kuskure, na ga shafuka sun fito tsaf, na tura maɗaba'a a Sabon Gari na kwanta. Bayan kwana uku mai maɗaba'ar ya kira ni, na tarar da shi riƙe da shafin farko a gaban injin. Ya ce, "Malam, wannan waƙar ta awon hatsi ce?" Na karɓa na duba, kan waƙar da ya kamata ya zama "Ƙauna" ya zama "auna", "ɗaya" ta zama "aya", "ɓarawo" ya zama "arawo". Na ce, "Alhaji, nawa aka buga?" Ya nuna mini tarin takardu da ya kai ƙugu. Kuɗin takarda da na farantin bugu duka daga aljihuna suka fita, kunyar zuwa gaban dattijon nan kuwa ta fi kuɗin ciwo.

Tun daga ranar nake sa layin \tracinglostchars=3 a farkon kowane aiki, wanda a TeX Live (tarin manhajojin TeX da ake girkawa) na 2021 zuwa sama yake sa injin ya tsaya da kuskure da zarar harafi ya ɓace. Kafin in amince da sabon zubi kuma nakan buga jimla guda mai ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da manyansu, in duba ta a tsaye, a karkace, da mai kauri, domin na sha ganin zubin da yake da ƙ a tsaye amma babu ita a karkace. Umurnin fc-list :lang=ha yana jero zubin da ke cikin na'urarka masu ɗauke da haruffan Hausa. Charis SIL, Doulos SIL, Gentium, Andika da dangin Noto duk suna da su, kuma lasisinsu ya halatta a kwafa a raba kyauta. Mai aikin ajami ya nemi zubin Alkalami, wanda aka zana bisa salon rubutun Kano, ko kuma Harmattan.

Akwai wata matsala da ta cinye mini yini guda. Na girka Charis SIL a sabuwar kwamfuta, Word yana ganinsa, XeLaTeX, wato LaTeX mai aiki da injin XeTeX, yana cewa babu shi. Dalilin shi ne tun daga wani sabuntawa na Windows 10 a 2018, idan ka danna girkawa kawai, zubin yakan shiga foldar mai amfani shi kaɗai a cikin AppData, ba babbar foldar C:\Windows\Fonts ba, kuma ba lallai ne TeX ya leƙa can ba. Sai ka zaɓi girkawa domin dukkan masu amfani, sannan ka sabunta jerin da fc-cache -f, ko luaotfload-tool --update idan LuaTeX kake amfani da shi.

Kwaɗayin tara zubi ma ya cuce ni. Na taɓa kwashe ɗaruruwa daga filash ɗin wani abokin sana'a, ban san asalinsu ba balle lasisinsu, a ciki har da tsohon bugu na zubin da nake da sabonsa. Suna ɗaya, faɗin haruffa ya ɗan bambanta, sai littafin da na gama ya ƙara shafi, jadawalin abin da ke ciki ya daina dacewa da lambobin shafuka. Yanzu kowane aiki yana da foldarsa, a cikinta akwai fayilolin zubin da aka yi shi da su, kuma da sunan fayil nake kiran su a fontspec, ina nuna masa hanyar foldar, yadda ko bayan shekaru aka buɗe aikin a wata na'ura zai fito kamar yadda na bar shi. InDesign, manhajar tsara shafuka, yana da umurnin da ke tattara takarda da zubinta a folda guda, Word yana da zaɓin cusa zubi cikin fayil a sashen adanawa, masu amfani da manhajar zane ta CorelDRAW kuma sun san mayar da rubutu zane da Ctrl+Q, amma su ajiye kwafin da ba a mayar ba, domin bayan haka ba a iya gyara ko wasali ɗaya.

Abin da nake kai wa maɗaba'a yanzu PDF ne kaɗai, bayan na duba shi da umurnin pdffonts na tabbatar kowane zubi yana cushe a ciki. Sannan in fitar da shafin farko da wani daga tsakiya a takarda, in miƙa wa yaron shagona, wanda bai san abin da aka rubuta ba, ya karanta mini da ƙarfi, ni kuma ina bin asalin rubutun marubucin da yatsa.