Me ya sa ƴan resilin ke kama hannun hagu?

Masu zuwa gidajen kallo a Gusau, in an sa wasan WWE, kamfanin resilin na Amurka, ku lura da hannun da ake murɗawa. Kusan kullum na hagu ne. Haka ake koyarwa a Amurka da Ingila da Japan: wajen kamun farko hannunka na hagu yana kan wuyan abokin karawa, na dama a gwiwar hannunsa. In za ka jefa shi jikin igiyar da ta kewaye fili ma, hagunsa za ka ja.

Dalilin shi ne resilin wasan haɗin baki ne, ya bambanta da kokawarmu ta bikin Argungu inda kowa ke neman kaye na gaske. Mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba sai su yi wasa lafiya, don kowa ya san inda zai juya. Ga shi kuma dama ta huta don naushi, tunda yawancin mutane da ita suke aiki.

A Meziko kuwa dama ake kamawa. Matsalar tana nan: in ɗan Meziko ya haɗu da wanda ya saba kama hagu, kuma ba a daidaita kafin shiga fili ba, su biyun sai su juya gefe ɗaya, kai ya bugi kai, ko kafaɗa ta goce. Yara masu kwaikwayo a unguwa, don Allah ku bari, ba ku san waɗannan ƙa'idoji ba.