Gidan da nake kwana a ciki, jari ne?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa na gida.

Tun da labari ya iso muku cewa na sayi gida a nan Amurka, saƙonnin barka ba su yanke ba, na kuma gode da addu'o'inku. Sai dai da yawanku kun ce mini "ai ka zuba jari," kuma maganar ta tsaya mini a rai, domin ina tsoron ƙannenmu su ɗauke ta haka nan su gina lissafin rayuwarsu a kanta.

A sanina, jari shi ne kuɗin da ka saka yana haifar maka da wani kuɗin. Gidan nan kuwa, tun ranar da na karɓi makulli shi yake karɓa daga hannuna. Ga harajin gida duk shekara, ga inshora, ga gyara. Ban cika wata shida ba rufi ya fara yoyo, kuma babu mai gidan da zan kira, ni ne mai gidan. Sannan ga bashin banki, wanda a nan akasari na shekara 30 ne. Wanda ya ci bashin dala 300,000 da kuɗin ruwa kashi 7 cikin ɗari, zai riƙa biyan kusan dala 2,000 duk wata, kafin ya gama ya biya fiye da dala 700,000. A 2021 kuɗin ruwan bai wuce kusan kashi 3 ba, zuwa 2023 ya haura 7.

Za ku ce ai gida daraja yake ƙarawa. Wani lokaci haka ne. Amma Robert Shiller, masanin tattalin arziki na Jami'ar Yale da ya samu kyautar Nobel a 2013, ya bi diddigin farashin gidajen Amurka tun daga 1890, ya gano cewa idan aka cire hauhawar farashi, cikin kusan shekara ɗari darajarsu ba ta yi wani motsin kirki ba. Yawancin abin da muke kira riba, kuɗin ne ya rage ƙarfi. Kuma farashin yana faɗuwa. Tsakanin 2006 da 2012 gidaje a ƙasar nan sun zube da fiye da kashi ɗaya bisa huɗu, miliyoyin iyalai suka rasa muhalli, wasu bashin da ke kansu ya fi kuɗin gidan. Japan ma daga 1991 ta shafe fiye da shekara goma farashin filaye yana sauka. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ko da ya tashi ma, ribar a takarda take. In na sayar, a ina zan kwana da iyalina? Gidan da zan koma shi ma ya tashi, ga la'adar dillali ta ci nata.

To me ya sa na saya? Saboda rufin asiri. Babu wanda zai ƙwanƙwasa mini ƙofa ya ce in tashi ƙarshen wata, yara ba sa canza makaranta, kuɗin hayar da ba na biya ma wani abu ne, kuma biyan wata-wata ya tilasta mini tanadin da da kaina ba zan yi ba. Wannan ya ishe ni dalili, ba na nadama ko kaɗan.

Abin da yake damuna shi ne in ga mutum ya kwashe duk abin da ya mallaka ya zuba a gini, ranar da rashin lafiya ta zo babu ko sisi a hannu, gida kuwa ba ya sayuwa a mako guda, ba a kuma yanko ɗaki ɗaya a kai kasuwa. Gidan da ka ba haya, in abin da ke shigowa ya fi haraji da gyara da watannin da yake zaune babu kowa, wannan na yarda jari ne. Nawa dai a littafin lissafina yana shafin abin da nake kashewa, kusa da kuɗin makarantar yara.

Ku gaida kowa da kowa.

Naku,
ɗan'uwanku a Amurka