Daga Maiwurno zuwa Hawata a kan ƙafafun gaba

Tun a ƙofar gida Kawu ya nuna bai gamsu da aikin da na yi wa motar ba. Land Cruiser ce mai buɗaɗɗen baya, injinta 1HZ mai silinda shida, lita 4.2. Na gaji da ganin yadda take durƙushewa in an ɗora mata buhunan dawa, shi ya sa na ƙara mata falle uku-uku a sifirin ɗin baya, da hannuna, ina alfahari. Ya zagaye ta sau biyu, ya leƙa ƙasa, ya ce, "Ɗan nan, ka ɗaga mata gindi, farfela ce za ta biya kuɗin."

Na ce, "Haba Kawu, ai ƙarfen Japan ne."

Ƙarshen damina ne, kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023. Muka bar Maiwurno bayan sallar asuba, garin da kakanninmu suka kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Ɗaurin aure za mu je Hawata, can bakin kogin Rahad. Muka haye kan dam ɗin Sinnar, wanda yake tsaye tun 1925, muka sha shayi da zalabiya a Dindir, sannan muka saki babbar hanya muka bi sawun taraktoci cikin gonakin dawa da riɗi.

Baƙar ƙasar wajen nan sai wanda ya taɓa ta. Samanta ya bushe ya tsattsage, amma ƙasanta danƙo ne mai kama taya kamar ƙaro. Sau biyu na sauka na murɗa makullan cibiyar ƙafafun gaba, na sa dabal, wato giyar da ke sa ƙafafu huɗu su ja, muka fita da ƙyar.

Wajen azahar na fara jin ƙwal duk lokacin da na saki kuloci. Can sai kujera ta kama kakkarwa. Kawu bai ce uffan ba, carbinsa kawai yake ja.

Na shiga ƙarƙashi na kama farfelar baya na girgiza, sai ta amsa. Mahaɗin nan mai kai huɗu da ke bakin aksul, wanda makanikan nan ke kira saliba, shi ne ya tafi. Wani jan gari kamar barkono ya zagaye hularsa ɗaya, alamar alluran ciki sun niƙe babu giris. Ɗagawar da na yi ta ƙara karkatar da farfelar, mahaɗin yana aiki a lanƙwashe, ga laka da ruwa sun wanke ɗan man da ya rage. Rabona da ɗura masa giris kuwa, ni kaina na manta.

Ba mu da sabo. Amma motar nan tana da wata alfarma: in ka cire farfelar baya gaba ɗaya, ka kulle ƙafafun gaba, ka sa H4, wato dabal ta gudu, za ta tafi da gaba kawai, kuma mai ba zai zuba ba, don dukkan bakunan biyu faranti ne da noti. Matsalar farko ita ce abin tokare taya. A duk faɗin filin nan babu dutse ko na jifan tsuntsu, sai da muka sauke safaya da wani kututturen ƙaya. Noti huɗu gaba, huɗu baya, sifana mai lamba 14. Bakwai suka fito lafiya, na takwas ya ƙi. Ina kwance laka na zubo mini a ido, Kawu ya miƙo guntun bututu ya ce in zura wa sifanar in ƙara mata tsawo. Da notin ya saki, fatar gaɓar yatsana ta tafi da shi. Kafin in zare farfelar, Kawu ya sa na karce alama da ƙusa a faranti da farfela, don ta koma yadda take.

Daga nan tafiyar hawainiya muka yi. Nauyi yana baya, ja yana gaba, ko ɗan tudu ne sai tayoyin su yi ta tonon ƙasa. Kawu ya hana ni taka mai in sitiyari na murɗe, wai kada mu karya mahaɗin gaban ma mu kwana da sauro.

Mun shiga Hawata ana kiran isha'i. Washegari wani usta, wato ƙwararren makanike, Bahaushe a kasuwa ya zaƙulo mana saliba daga cikin buhu, ya ba ni aron guduma da inuwar rumfarsa. Na ciro zobban da ke riƙe hulunan, na buge tsohon, na shafe alluran sabon da giris don kada ɗaya ta kwanta a gindin hula. Ɗaya ta kwanta ɗin, sai da na sake. Muna gamawa aka kawo agashe da jabana.

Usta ya dubi sifirin ɗin ya ce, "Wane ne ya yi wannan?"

Kawu ya kurɓi gahawarsa ya ce, "Wani injiniya ne a garinmu."

A gindin rumfar na cire falle bibbiyu. Ɗai-ɗai ɗin da na bari suna nan, Kawu bai sani ba.