Kalli mai ido inci 2 da ta cinye mini shekara guda

Har yau idan na ga ƙullin ragar nan a rataye sai raina ya ɓaci. Duk abin da na tara cikin shekara uku ina kamu da mamari, wato doguwar igiya mai jerin ƙugiyoyi, na zuba a kalli, ragar da ake kafawa a cikin ruwa, kuma da hannuna na zaɓi mai ido inci 2. Lissafina shi ne ƙaramin ido ba ya barin kowa: ƙanana su shiga, manya su shiga. Wani dattijo da muke fita tare ya ɗaga ragar, ya zura yatsu a idon, ya ce, “Ɗana, wannan ’ya’yan kifi za ta kamo maka, iyayen sai dai ka ji labarinsu.” Na ce, “Baba, a bari a gani.” To, na gani.

Safiyar farko ragar ta fito shaƙe da karfasa, kowace ba ta wuce tafin hannu ba, girmansu ɗaya kamar an auna. Na zauna a kwale-kwale ina zare su ɗaya bayan ɗaya, zaren yana yanka mini yatsu, rana tana ɗagawa, na ƙasa sun fara laushi. Babba ko ɗaya babu, alhali na san suna wurin, domin a nan mamarina ke kamo su. Masu saye kuwa sai su leƙa kwando su wuce.

Abin da ban gane ba shi ne kalli ba taru ba ce. Taru kewayewa take yi ta kwaso duk wanda ya kasa ficewa ta ido, don haka a wurinta lissafina daidai ne. Kalli kuwa bango ce tsaye a cikin ruwa. Sai kifi ya zura kansa, zaren ya riƙe shi a bayan kai, ya kasa gaba ya kasa baya. Ke nan kaurin kifi ne ke aiki, ba tsawonsa ba. Idon da aka miƙe ya ba da inci 2 daga ƙulli zuwa ƙulli, kewayensa inci 4 ne, kuma kifin da kewayen jikinsa ya ɗan ɗara haka shi ne nasa. Wanda bai kai ba ya sulale, wanda ya fi sosai kansa ma ba ya shiga, sai ya tunkuɗi ragar ya juya abinsa. Wani masani ɗan Rasha, Baranov, ya daɗe da nuna cewa girman kifin da irin wannan raga ke kamawa yana bin girman idon ne sau da ƙafa. Ni sai da na yi asara kafin na sani.

Da abin ya dame ni, na kwance ragar na sake ɗaure ta sako-sako a jikin igiya. A ka’ida mita 100 na raga a miƙe kan hau igiya kamar mita 50. Na ƙara mata saki fiye da haka. Ta fara naɗe wasu manya, musamman tarwaɗa da ƙayarta ke sarƙewa, amma kowace sai ta yaga mini ido biyar ko shida kafin in fitar da ita. Siririn zaren ƙaramin ido ba don babban kifi aka yi shi ba. Dare ina kamu, rana ina ɗinki.

Da na natsu sai na ga kowane kayan kamu da irin zaɓinsa. Ƙugiya bakin kifi take aunawa: babbar ƙugiya da babban koto, ƙaramin kifi ba ya iya haɗiya, shi ya sa mamarina bai taɓa cika ni da ƙanana ba, ni kuma ban gode masa ba. Gura, wato tarkon kifi mai kama da kwando, ƙofarta ce ke tsare wanda ya yi girma da yawa, idonta kuma ya saki ƙanana. Ragar da manyan jiragen teku ke ja tana tara kifi a jakar ƙarshe, kuma in nauyi ya ja ta, ido mai siffar lu’ulu’u yakan tsuke ya riƙe ƙananan da ya kamata su fita. Dalilin da ya sa ake saka mata ido mai kusurwa huɗu ke nan, wanda ke zama a buɗe.

Asarar kuɗin ta yi zafi, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da na farke cikin wasu daga ƙananan nan na tarar yawancinsu ko ƙwai ba su fara ɗauka ba. Wata da watanni ina kwashe kifin baɗi, ina sayar da shi a wulaƙance.

Yanzu inci 3 da rabi nake sakawa. Kafin ka sayi raga, ɗauki kifin da kake son kamawa, ka zagaya zare a bayan kansa, ka auna, ka raba biyu, sannan ka nemi idon da ya ɗan gaza haka. Ka kuma tambayi mai sayarwa ko a miƙe ya auna idon ko gefe ɗaya, domin awon a miƙe ninkin na gefe ɗaya ne. Makonnin farko ragar kan fito kusan wayam har gabana ya faɗi, amma goman da ke ciki sun fi tsohon kwandona nauyi, kuma kafin hantsi na gama cira.

Mutum biyu sun taya tsohuwar ragar, na hana. Duk wanda ya saya, a ruwan da nake kamu zai saka ta.