Kafin ka ba da ciko a kan babban mashin

Ɗan ƙanwata Nura ya shigo gaishe ni ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ko zama bai gama yi ba ya miƙo min waya. "Kawu, duba wannan." Hoton wani ƙaton mashin ne baƙi, mai faffaɗar kujera da gilashi a gaba, irin wanda ba a sa masa giya, murɗawa kawai ake yi ya tafi. Wai wani ne a Sabon Garin Zariya zai karɓi ƙaramin mashin ɗinsa, roba-roba, shi kuma ya ba da ciko. Na tambaye shi ina zai samo cikon, ya ce kwasar adashinsu ta kusa zuwa kansa, sauran kuma abokinsa zai ranta masa. Na ce to wa zai riƙa gyara maka? Ya yi dariya ya ce, "Haba Kawu, ai irin waɗannan ba sa lalacewa."

Na yi shiru, domin da bakina na taɓa faɗa wa mahaifina wannan maganar, Allah ya jiƙansa, a ƙarshen shekarar 2011.

A lokacin ina koyarwa a wata makaranta da ke gaba da Shika, a kan hanyar Giwa, ga shi kuma a cikin birnin Zariya nake zaune. Kullum da sassafe in fito ta Ƙofar Doka, in ratsa Tudun Wada, in wuce Kwangila da Samaru, sannan in miƙa. Roba-roba ce da ni, mai inji 110, kuma ban taɓa kwana a hanya saboda ita ba. Amma wanda ya san titin nan ya san tirelolin da ke tafiya Funtuwa da Gusau da Sakkwato. Idan ɗaya ta zo wucewa, iskarta kaɗai tana iya ture ka gefen kwalta. Ka murɗa mai har ƙarshe don ka tsere mata, mashin ɗin yana kuka, ba ya ƙara komai. Da hunturu kuwa in isa makaranta yatsuna sun ƙage, sai na ɗumama su kafin in iya riƙe alli. Saboda haka duk wanda ya ce don burga kawai na canja mashin, bai yi min adalci ba. Ina da hujja, kuma har gobe ina ganin hujja ce.

Sai dai akwai abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin. Wani abokin aikina, wanda na riga shi fara aiki, ya sayi sabon mashin babba, yara na rige-rigen goge masa shi, ni kuwa tawa a jingine jikin bishiyar darbejiya ba mai kallonta. Abin ya riƙa cin raina. Da na je wurin mahaifina, maganar tireloli na kawo masa, ban kawo wannan ba. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Wadda kake da ita ta taɓa ƙin kai ka?" Na ce a'a. Ya ce, "To Allah ya sa alheri." Bai ƙara ko kalma ba, ni kuma na ɗauki hakan a matsayin izini.

Na sayar da roba-robar, na haɗa da kuɗin da muka ware don sauya kwanon ɗakin maiɗakina, na ci bashin ƙungiyar malamai wanda za a riƙa cira daga albashi. Dillali ya kai ni na ɗauko wani ɗan Kwatano mai inji 250. Ba zan ɓoye ba, makonnin farko na ji daɗin da ban taɓa ji a kan ƙafa biyu ba. Gilashin gaba ya tare min iska, bayana ya daina ciwo, littattafan yara duka suna shigewa ƙarƙashin kujera, tirela kuwa ni nake wuce ta. Na riƙa cewa a raina, ashe wahala nake sha da can ban sani ba.

Matsalar farko a ƙofar gida na same ta, tun ranar da na kawo shi. Zaurenmu irin na cikin birni ne, ƙofa ƙarama da tudu a bakinta. Roba-roba nauyinta bai fi kilo 100 ba, da hannu nake ɗaga gabanta in tura ta ciki. Wannan kuwa ya haura kilo 150, ga faɗi. Muka ɗora katako a kan tudun, ni a gaba, ƙanena a baya yana turawa, madubi ya daki jikin ƙofa, robar gefe ta kankare. Daga ƙarshe sai da na roƙi wani maƙwabci mai gareji, can bakin titi, na riƙa kwanar da shi a wurinsa. Kullum da asuba sai na taka da ƙafa na je na buga wa mutane ƙofa. A lungunanmu kuma, inda da nake kurɗawa tsakanin kwata da katanga, yanzu idan na haɗu da mai kura sai ɗayanmu ya ja da baya.

Ban gama sabawa da wannan ba aka shiga Janairun 2012, gwamnati ta cire tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141. Aka yi yajin aiki da zanga-zanga, aka dawo da ita 97. Sabon mashin nawa kuwa yana shan kusan ninki biyu na abin da tsohuwar take sha a tafiya ɗaya. A nan zan ɗan kare kaina, wa ya san za a yi haka? Ba wanda ya sani. Amma ko da ba a ƙara kuɗin mai ba, ninki biyun nan yana nan, kuma ban taɓa zama na lissafa shi ba kafin in saya. Kuɗin saye kaɗai na kalla.

Abin da ya karya ni shi ne bel. Irin wannan mashin ba shi da sarƙa kamar sauran, wani bel na roba ne a rufe cikin murfi yake juya tayar baya, tare da wasu ƙananan ruloli da ke yi maka aikin giya. Wata rana a daidai gadar Kwangila na murɗa, inji ya yi ƙara, mashin bai motsa ba. Na tura shi da ƙyar zuwa wurin bakaniken da na daɗe ina kai wa aiki. Ya kwance murfin, ya zaro bel ɗin a tsinke, zaruruwa duk sun fito, ya jujjuya shi a hannu ya ce, "Malam, wannan ba irin namu ba ne." Yaronsa ya zaga shagunan kayan gyara na Sabon Gari da Tudun Wada da guntun a hannu, babu. Aka aika Kano, aka kawo wanda bai yi daidai ba. Sai da aka yi waya Nnewi, babbar kasuwar kayan mashin, aka sako shi a mota. Duk tsawon jiran nan acaba da bas nake hawa zuwa aiki, ana kuma ci gaba da cire bashin mashin ɗin daga albashina.

Daga nan abu ya riƙa bin abu. Injin da ruwa yake hucewa, to fankar radiyeto ta mutu, ya riƙa zafi a cunkoson PZ. Ba shi da kik, ranar da batir ya yi sanyi ba ya tashi, kuma tun da bel ne, ba a tura shi ya kama. Tayarsa ma ba kowane shago ke ajiye ta ba. Bakaniken nan mutumin kirki ne, amma a kan mashin ɗina yake koyo, ni kuma nake biyan kuɗin karatun. Damina ta zo, ɗakin maiɗakina ya ci gaba da yoyo. Ba ta taɓa yi min gori ba, sai dai ta jera robobi a ƙasa ta janye katifa gefe. Wannan ya fi min zafi fiye da a ce ta yi magana.

A cikin daminar ne na faɗi. Babban mashin yana ɓoye maka gudu, kana zaune kamar a kujerar falo, ba ka jin iska, ba ka san ka kai inda ka kai ba. Tayoyinsa kuma ƙanana ne, ba su kai inci 17 na roba-roba ba, rami yana haɗiye su. Na shiga wani ruwa kwance kusa da Samaru ashe rami ne a ƙasa, mashin ya kwanta a kan ƙafata, na kasa janye ta sai da mutane suka taru suka ɗaga. Karaya ce a ƙauri. Na daɗe ina gaya wa mutane laifin titi ne, kuma titin yana da nasa laifin. Amma na bi ramukan nan shekaru da ƙaramar ban faɗi ba, domin ba ta da gudun da za ta yaudare ni da shi.

Duk da haka ban rabu da shi ba, kunya ta hana. Ina gyarawa, yana kwanciya, har 2016, da mai ya koma naira 145, dala ta tashi, kayan gyaran waje suka fi ƙarfina. Na sa shi a kasuwa, masu taya suna zuwa suna kallo suna cewa, "Wa zai gyara?" Na sayar da shi a kuɗin da bai isa ya saya min roba-roba ta hannu ba sai da na yi ciko.

Na zauna da niyyar jero wa Nura da ire-irensa shawarwari masu yawa, amma da na duba, ba su da yawa.

Kada ka sayar da abin da ke kai ka wurin neman abinci don ka sayi wanda ba ka san halinsa ba. Kada kuma ka ci bashi a kan ƙarfe. Adashi kuɗin jari ne, ko na aure, ko na buhun masara da kaka. Ni a zamanin mai na naira 97 na sha wuya. Ku fa? Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ta tsallake dubu. Yaron da ke sayen mai na kwalba a wurin 'yan bumburutu, lita ɗaya yau, rabi gobe, shi ne ke maganar inji 250? Me kuke tunani ne? Kun ga wani a TikTok ya hau ya yi hoto, ba ku san ko aro ya yi ba, shi ke nan hankali ya tashi.

Kafin ka je wurin mai sayarwa, je wurin bakaniken unguwarku da hoton. Tambaye shi ko ya taɓa kwance irinsa. Daga nan ka shiga kasuwar Sabon Gari da ƙafarka ka tambayi bel, da taya, da takalmin birki, ka ji ko akwai, ka ji kuɗinsu. In aka ce sai an aiko, to ka bar shi ko da kyauta ne.

Amma kuma ba zan ce kowa ya dawwama a kan ƙarami ba. In da gaske kullum kana kan babban titi, hanyar Kaduna ko ta Kano ko ta Funtuwa, roba-roba ba wurinta ba ne, kuma ranka ya fi kuɗin mai. To ka nemi 125 ko 150 mai giya da manyan tayoyi, irin wanda 'yan acaba ke hawa, wanda ko a ƙauye ya tsaya za a sami mai kwance shi. Ko ma ka shiga mota ka huta. Na ce kada a ci bashi, amma in a kan wannan ne, kuma aikin zai biya, ba zan hana ba. Wanda kuma Allah ya hore wa, yana da gareji, yana da abin hawa na biyu ranar da wannan ya kwanta, ya saya mana, akwai daɗi, har yau idan irinsa ya wuce ni sai na bi shi da kallo. Nura dai ba ya cikin waɗannan. Tafiyarsa daga Gyallesu ce zuwa unguwar Kongo, duk a nan Zariya, da ƙafa ma ana zuwa.

Abin da ya fi ɓata min rai, ba ma batun tafiya ne a gabanku ba. Na ga abin da kuke yi ranar ɗaurin aure da hawan sallah: a cire salansa, a ɗaga kan mashin, mutum uku a baya, ana ihu a tsakiyar jama'a. Ku je sashen ƙashi a asibitin Shika ku ga sa'anninku a kwance da ƙarfe a ƙafa. A Janairun 2009 da aka tilasta sa hular kwano, har ƙwarya da bokitin fenti mutane suka riƙa kifawa a kai don a ƙyale su, ana dariya. Yanzu ko ƙwaryar ma babu. Mutum zai kashe dubban ɗaruruwa a kan mashin, ya kasa sayen hula ɗaya. In ba za ka sa ba, to ko ƙaramar ma ka ajiye.

In kuma duk ka ji wannan ka ce sai ka saya, domin na san halinku, to aƙalla kada ka je kai kaɗai. Tafi da bakanike, a tayar da shi da sanyin safiya kafin mai shi ya ɗumama inji, a kwance murfin a ga bel, a leƙa ƙarƙashi a ga ko mai ko ruwa na ɗiga. Ka karɓi takardunsa na asali, ka durƙusa da kanka ka gwada lambar inji da ta jikin mashin da abin da ke rubuce, domin na sata suna yawo, kuma wanda aka kama da shi a hannu shi ke kwana a ofishin 'yan sanda. A rubuta yarjejeniya a gaban shaidu. Roba-robarka kuma kada ka ba da ita a musaya, ka bar ta a zaure har sai sabon ya yi damina guda a hannunka.