Tukuicin masu bin sawu: abin da na gani a dajin Binuwai

Shekaranjiya wani abokina da ke harkar yawon buɗe ido ya kira ni, wai yana da baƙo daga Turai da zai zo farauta arewacin Kamaru a watan Fabrairu, kuma mutumin ya dame shi da tambaya ɗaya, in an gama nawa ake ba ma'aikatan sansani, kuma wa da wa ake ba. Ya san na yi rani uku ina tuƙa mota a wani sansanin farauta a yankin Binuwai, shi ya sa ya neme ni. Mun kusa cinye awa guda a waya, bayan mun yi sallama kuma maganar ta ƙi fita daga raina, sai na ce bari kawai in rubuta.

Ga wanda bai san wurin ba, a yankin Arewa na Kamaru, wanda Garwa ce babban birninsa, akwai manyan gandun daji uku, Binuwai da Faro da Buba Njidda. A cikinsu ba a harbi. Amma a kewayensu gwamnati ta yanka daji kashi-kashi ta ba kamfanoni haya, to nan ne baƙi masu hannu da shuni ke zuwa daga Faransa da Sifen da Jamus da Amurka da lasisinsu, da rani, tun daga wajen Disamba har kafin damina ta sauka. Ana harbin ɓauna da gwanki da kanki da mazo, amma abin da ke jawo yawancinsu shi ne ƙaton nan da Turawa ke kira eland na Derby, mutanen wurin suna ce masa yamusa, wanda duk cikin dangin su gwanki babu mai girmansa. Shi kuwa ba a samunsa daga cikin mota, sai an taka.

Takawar nan ita nake so mai ba da tukuici ya fara fahimta. Ƙarfe huɗu na asuba ake tashin baƙo, amma kuku tun ƙarfe uku yana gaban murhu, yaron da ke dafa ruwan wanka ma ya riga shi. Ni zan kai su inda hanya ta ƙare ko inda aka ga sawu ya tsallaka, daga nan sai ƙafa. Akwai wani dattijo mai bin sawu, duk sansanin Baba muke ce masa, ba zan manta ranar da ya tsugunna a gindin wata doka ba, ya ɗauki ganyen da dabbar ta tauna ta yar, ya murza shi da yatsu ya ji ko yawun ya bushe, ya fasa kashin da babban yatsa, sai ya ce wa maharbin da ke jagora sun wuce nan bayan asuba, kuma akwai babban namiji a bayansu yana jan ƙafa. Ni da nake tsaye a wurin ƙasa ce kawai nake gani da busasshen ganye. Haka za su yi ta bi awa shida, awa bakwai, ƙudan tsando na cizo ta cikin riga, a watan Maris zafi ya kai digiri 40, wani yaro na biye da su da ruwan kowa a bayansa, Baba kuma lokaci-lokaci yana girgiza 'yar jakar tokarsa ya ga inda iska ta dosa, don in ta juya ta kai wa garken warin mutum shi kenan wahalar yini ta tafi, gobe a sake daga farko.

In Allah ya sa an dace, sai a ɗauki hoto, baƙo da bindigarsa, maharbin jagora a gefensa. Daga nan baƙo ya tafi wanka da cin abinci, mai fiɗa kuma aikinsa ya fara ke nan. Na sha zama da shi da dare ina riƙe masa fitila. Fatar kai ita ce wahalar, da ƙaramar wuƙa yake bin gefen ido da leɓe a hankali, ya juya kunnuwa ciki waje kamar safa, sannan a zuba gishiri a shafe ko'ina tun kafin zafi ya sa gashin ya fara zuba. Kuskure ɗaya a fatar ido ya isa ya lalata abin da mutum ya ƙetaro teku dominsa. Amma wallahi akwai baƙin da suke yin sati biyu su tafi ba su taɓa leƙa rumfar fiɗa ba, ba su ma san fuskarsa ba.

To ranar tafiya fa, nan ake gane hali.

Akwai wanda ya yi kwana 13 ana bin yamusa da shi, sau biyu Baba ya kai shi har inda babu abin da ya rage sai harbi, sau biyun yana kuskurewa. Ranar da zai tafi ya shiga motata fuska a murtuke, ya sallami maharbin jagora, sauran ko kallo ba su ishe shi ba, wai ai bai samu abin da ya zo nema ba. Da na dawo daga kai shi filin jirgin Garwa na tarar da Baba yana ɗinke takalminsa, na ce Baba ka yi haƙuri. Ya ce, "Ɗana, ni nawa kai shi ne, na kuma kai shi." Bai ƙara komai ba. Abin ya yi min ciwo har yau, domin wanda ya bi sawu kwana 13 babu sa'a ya fi wanda aka dace a kwana na biyu shan wahala nesa ba kusa ba. Tukuici wahala ya kamata ya bi, ba tsawon ƙaho ba.

Sai kuma wanda niyyarsa mai kyau ce amma ya zuba komai a ambulan ɗaya ya miƙa wa mai kula da sansani ya ce a raba. Ba na cewa kowane manaja haka yake, akwai masu amana sosai, amma ni a gabana aka yi wata shekara, mun ga kaurin ambulan ɗin da idonmu, abin da ya iso hannun mai fiɗa da mata biyu masu wanki kuwa bai kai a faɗa ba, kuma babu mai bakin tambaya don kowa na son a sake kiransa baɗi.

Wanda ya fi burge ni wani tsoho ne Bafaranshe. Daren da zai tafi ya ce a rubuta masa sunan duk wanda ke aiki a sansanin da aikin da yake yi, har mai gadi da yaron da ke ɗebo itace, ya zauna da maharbin jagora suka tsara. Da safe ya kira mu ɗaya bayan ɗaya, kowa da ambulan ɗinsa da sunansa a jiki, ya miƙa da hannun dama ya yi musabaha, ya kuma faɗi abu ɗaya da ya gani a aikinka. Mai wanki ya ce mata ya lura da maɓallin da ta ɗinke masa. Matar nan sai da ta yi ƙwalla. Wannan shi ne tukuici yadda muka san shi a gida, wanda ya kawo maka alheri ka dube shi ka sa masa a hannu, ba ka aika a ba shi ba.

Maganar nawa kuwa, abin da na gaya wa abokina shi ne baƙon ya tambayi kamfanin tun kafin ya taso, ba abin kunya ba ne, don kowane sansani da yadda ya saba. Amurkawa sun taso da al'adar ba jagora wajen kashi 10 cikin ɗari na kuɗin farauta, shi ya sa hannunsu ya fi sakewa, Turawan Turai da yawa ba su saba da haka ba. Yadda aka saba jerawa, maharbin jagora ne a sama, sai manyan masu bin sawu, sai mai fiɗa da kuku da direba, sannan sauran. Ni dai a ganina mai fiɗa bai kamata ya yi nisa da masu bin sawu ba.

Irin kuɗin ma abin lura ne, kuma nan baƙi ke yawan kuskure ba da gangan ba. Sefa ta fi komai sauƙi ga mutumin ƙauye, kuma ta Afirka ta Tsakiya, don ta su Nijar da Benin ko da darajarsu ɗaya ba a sayayya da ita a kasuwar Kamaru. In babu, yuro ta fi dala, saboda canjinta a tsaye yake, yuro ɗaya sefa 655.957, ka ga takardar yuro 50 ta haura jika 32 ke nan, wato sefa dubu 32. Tsabar ƙarfe ta yuro kuwa babu mai canza ta, na san wanda ya ajiye cikin gwangwani har ya gaji. Tsohuwar dala ko wadda ta yage ita ma 'yan canji ko su ƙi ta ko su karya mata farashi, ga kuɗin motar zuwa Garwa ko Ngaundere kafin a canza. Kayan da baƙi ke bari, wuƙa, tocila, takalmin daji, ana murna da su sosai, amma ƙari ne a kan kuɗi, ba madadinsa ba. Kwalbar giya kuma kada a miƙa wa mutum sai an san shi, ma'aikata da yawa Musulmi ne.

Dalilin da ya sa na damu haka, aikin nan na wata biyar ne zuwa shida, ruwa na sauka hanyoyi su lalace a rufe sansani kowa ya koma gonarsa ta masara ko auduga ko gyaɗa. Abin da aka tara da rani shi ne taki, shi ne kuɗin makarantar yara a Satumba. Kuma ina faɗa da babbar murya, kamfanin da ke rage albashi da hujjar ai baƙi za su ba da tukuici ba ya kyautawa, haƙƙin ma'aikaci daban, alherin baƙo daban.

Abokin nawa ya ce zai nemi sansanin su turo masa sunayen ma'aikata kafin baƙon ya iso. Na ce masa in sun turo ya duba ko akwai mataimakin mai fiɗa da yaron da ke ɗaukar ruwa a ciki, don su biyun nan ne aka fi mantawa a rubuta.