Kafin ka zuba miliyan a kan jirgin turbin

Tun da bidiyoyin nan na ƙananan jirage masu injin turbin da ake tuƙawa da telekomand suka fara yawo a WhatsApp, ba na zama a fada in sha shayi lafiya sai wani ya miƙo mini telefon, wai nawa ne wannan, a ina ake samu. To bari in faɗa gaba ɗaya a nan in huta.

Na farko dai ba abin wasan yara ba ne, injin jet ne na gaske aka ƙanƙanta shi. Yana zuƙo iska ta gaba ya matse ta, a fesa mata kananzir ta kama wuta, zafin ya fita ta baya da ƙarfi ya tura jirgin. Irin mai ƙarfin niyuton 100, wato yana tura kamar kilo 10, yana juyawa sama da sau 100,000 a minti guda kuma iskar da ke fita bayansa tana kai digiri 600 zuwa 700. Wani Bajamushe Kurt Schreckling na cikin waɗanda suka fara ƙera su a gida, har da katako ya yi farfelar matse iskar, amma yau kamfanoni ne ke yi, JetCat a Jamus, KingTech a Taiwan, da sauransu. Kananzir yake sha da ake gauraya masa mai na musamman kashi 5 cikin 100, wasu kuma suna karɓar gazuwal. Injin kaɗai ya haura sefa miliyan ɗaya, ba a yi maganar jikin jirgin ba, da telekomand, da batir, da kuɗin duwan.

Ni shawarata ɗaya ce, kada ka fara da shi ko da kana da kuɗin. Jirgin nan yana iya wuce kilomita 250 a awa, kafin ka ce kwabo ya zama ɗigo a sama ba ka gane gabansa da bayansa. Kuma in ka ba shi wuta ba ya amsawa nan take, sai ya ɗauki ƴan daƙiƙu kafin ya tashi daga ƙaramar wuta zuwa cikakken ƙarfi, to in ka zo sauka ka ga ba daidai ba ka ce bari in sake tashi, wallahi kafin injin ya farka ka riga ka sha ƙasa. A Amurka ma ƙungiyar masu ƙananan jirage ta AMA ba ta barin membanta ya tashi da turbin sai gwanaye sun gwada shi sun sa masa hannu. Ka fara da similata, wato wasan koyon tuƙin jirgi, a kan ordinatarka irin RealFlight, ka faɗi sau dubu ba asara. Daga nan ƙaramin jirgin soso mai farfela da batir, sai irin da ake kira EDF mai fanka a cikin jiki, shi ne zai koya maka gudu da saukar jet.

Sai kuma matsalarmu ta nan Damagaram, yashi. Injin da ke juyawa haka in ya haɗiye tsakuwa ɗaya farfelar ta tafi, ana sa masa raga a baki amma raga ba ta tare ƙurar hunturu, ita kuwa ƙurar a hankali take cinye boris, wanda dama ko a ƙasar da ba ƙura bayan awa 25 na aiki ake mayar da injin a duba shi, kuma ba gyaran garaji ba ne, waje za ka aika. Tayoyin jirgin ƙanana ne suna son fili mai santsi mai tsawo, filin ƙwallon unguwa ba zai yi ba. Ga zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40, iska ta yi sako-sako ƙarfin injin ya ragu, sai ya ƙara cin fili kafin ya ɗaga. Batir ɗin jirgin irin LiPo kuma kada ka bar shi cikin mota a rana.

Wuta ma abin tsoro ce. In kunnawar farko ta ƙi, kananzir ya kan taru a ciki, kana sake kunnawa sai harshen wuta ya fito ta wutsiya, shi ya sa ba a kunna shi sai da tulun kashe gobara na CO2 a gefe, ba mai hoda ba don hodar tana lalata injin. Bayan damina da ciyawa ta bushe kuwa, faɗuwa ɗaya kusa da gonar mutane ko rumbu ta isa ta ja maka shari'a.

Kuma dan Allah a yanayin tsaron da ake ciki kada wani ya ɗauki abu mai tashi ya nufi bayan gari haka kawai, ko na soson ne. Ka nemi izini tukuna wajen ANAC, wato hukumar kula da jiragen sama ta ƙasa, da hukumomin gari, ka riƙe takardarka a aljihu, ka kuma yi nesa da filin jirgi da barikin soja.